Damar Yaranmu ta Shiga Manyan Jami'o'in Birtaniya: Bayani ga Iyaye a Manchester da Birmingham

Da wuya in je taron suna ko walima a nan Manchester, ko in sauka wurin 'yan'uwa a Birmingham, ba tare da wani ya ja ni gefe ya ce, "Malam, yarinyar nan tawa tana ƙoƙari a makaranta, kana ganin za ta samu Oxford?" ko kuma, "Likita muke so yaron nan ya zama, anya kuwa zai samu?" Ni ba ma'aikacin wata jami'a ba ne. Abin da ya sa ake tambayata shi ne 'ya'yana uku sun bi ta wannan hanya, na kuma daɗe ina taya yaran abokai cika fom. Don haka na ga ya dace in tattara abin da na sani wuri guda, domin mai bukata ya riƙa dubawa.

Amsata a taƙaice ita ce: babu wani adadi guda da za a ce shi ne damar yaro. Damar tana rataye ne a kan kwas ɗin da ya nema, da darussan da ya ɗauka, da kiyaye ranaku, da takardun zamansa a ƙasar, da kuma shirye-shiryen rangwame da ya shiga. Mafi yawan waɗannan abubuwa kuwa ana gama yanke su tun yaro yana shekara 14 zuwa 17, wato tun kafin a buɗe fom ɗin jami'a.

1. Bambancin nan da gida

A Nijeriya mun saba da JAMB: jarrabawa guda mai maki 400, da makin da kowace jami'a ta yanke, sannan a jami'o'in tarayya irin su ABU Zariya da BUK a raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko. A nan babu wannan rabo. Babu kason jiha, babu takardar wani babba, dokar daidaito ta 2010 kuma ta hana a ba mutum gurbi ko a hana shi saboda launin fata ko addini.

Duk neman digirin farko yana bi ne ta hukumar UCAS, amma ita aikinta kai saƙo kawai, jami'a ce ke yanke hukunci. Yaro yana da zaɓi biyar a fom guda. In likitanci yake nema, ko likitan haƙori ko na dabbobi, huɗu kawai zai sa a wannan fanni, na biyar sai wani kwas daban. Sannan ba a neman Oxford da Cambridge a shekara guda, dole a zaɓi ɗaya. Wani abin da ke ba iyaye mamaki shi ne yaro yana nema ne tun bai rubuta jarrabawar ƙarshe ba. Jami'a za ta yi masa tayin gurbi bisa sharaɗi, misali ta ce sai ya kawo AAA, in sakamako ya fito a watan Agusta ya cika sharaɗin, gurbi ya tabbata.

Kowa da kowa ke bin wannan layi. Malala Yousafzai a Birmingham ta yi sakandare, a Edgbaston High School, kuma tana da kyautar Nobel a hannu, amma sai da ta je ganawa, aka gindaya mata sharaɗin maki, ta cika shi, kafin ta shiga Oxford a 2017.

2. Waɗanne jami'o'i ake nufi

Akwai ƙungiyar manyan jami'o'in bincike guda 24 da ake kira Russell Group, wadda aka kafa a 1994. Jami'ar Manchester da Jami'ar Birmingham duka suna ciki, haka ma Leeds, Liverpool, Sheffield, Nottingham da Warwick. To amma ba duka suka zama ɗaya wajen wuyar shiga ba. A sama akwai Oxford da Cambridge, da Imperial, LSE da UCL da ke Landan. Ban da su akwai kwasa-kwasan da suke da wuyar samu a ko'ina aka neme su, musamman likitanci da likitan haƙori.

A 2023 da 2024, masu neman Oxford sun haura 23,000 a kowace shekara, waɗanda aka ɗauka kuwa 3,200 da 'yan kai, wato kamar mutum ɗaya cikin bakwai. A Cambridge masu nema sun haura 21,000, aka ɗauki kimanin 3,600, kamar ɗaya cikin shida. LSE na karɓar takardu sama da 25,000 a kan guraben da ba su kai 2,000 ba. Manchester na cikin jami'o'in da suka fi yawan masu nema a duk ƙasar, amma kada yawan ya tsorata mai karatu. Tun da kowane yaro wuri biyar yake nema, jami'o'i irin Manchester da Birmingham suna yin tayi fiye da yawan gurabensu nesa ba kusa ba, kuma a kwasa-kwasai da dama yaron da makinsa ya kai sharaɗi yakan samu tayi.

3. Kwas shi ne kan gaba

Wannan ɗaya cikin bakwai da na ambata matsakaici ne, kuma yana ɓoye babban bambanci. A Oxford, kwas ɗin kimiyyar kwamfuta da na tattalin arziki da gudanarwa sukan samu masu nema kusan 20 a kan gurbi guda, likitanci sama da 10, alhali kwasa-kwasai irin su harsunan Turai da kiɗa da nazarin Girka da Rum ta dā ba sa wuce uku ko huɗu. Rahotannin da Oxford ke fitarwa duk shekara sun sha nuna cewa yara baƙar fata sun fi cunkusuwa a kwasa-kwasan da suka fi wuya, musamman likitanci da shari'a.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A gidajenmu in ba likita ba, to lauya ko injiniya, kamar dai babu sauran sana'a a duniya. Yaron da Allah Ya hore wa tarihi ko kemistiri ko nazarin ƙasa sai a tura shi layin da ya fi kowane tsawo, ya je ya tarar da waɗanda su abin a jininsu yake. Masu ganawa da yara kuwa malaman fannin ne, cikin minti kaɗan suke gane wanda ke son abin da wanda aka turo. Ba ina cewa a hana yaro neman likitanci ba ne. Ina cewa ne a san tsawon layin kafin a shiga, domin a 'yan shekarun nan masu neman likitanci a Birtaniya sun haura 23,000 a kowace shekara, guraben kuma ba su kai rabin haka ba. A kuma sani cewa mutum na iya zama lauya a Ingila ko da digirinsa na farko ba na shari'a ba ne.

4. Daga GCSE zuwa makin hasashe

GCSE ita ce jarrabawar ƙarshen aji 11, yaro yana shekara 16. Tun 2017 aka fara ba da makinta da lambobi daga 9 zuwa 1, inda 7 take daidai da tsohuwar A, 8 da 9 kuma a matsayin A*. Ita ce kaɗai cikakken sakamakon da jami'a za ta gani a hannu lokacin da ake nema, shi ya sa take da nauyi. Oxford tana dubanta sosai, amma tana auna ta da irin makarantar da yaro ya yi, wato takwas-takwas a makarantar da ba a saba ganin haka ba sun fi nauyi a kan irinsu a makarantar da kowa ke samu. Makarantar likitanci ta Birmingham ma an san ta da ba GCSE muhimmanci.

Bayan nan sai A-level, aji 12 da 13, yawanci darussa uku. A nan ne ake rufe ƙofofi ba a sani ba. Likitanci a mafi yawan wurare na bukatar kemistiri, wurare da yawa kuma har da bayoloji. Injiniyanci na bukatar lissafi, a wurare da yawa har da fiziks. Tattalin arziki a LSE, Cambridge, UCL ko Warwick na bukatar lissafi mai ƙarfi, sannan ga mai neman lissafi ko kwamfuta a Cambridge ko Imperial, darasin lissafi mai zurfi da ake kira Further Maths ya kusa zama wajibi. Shari'a ba ta da darasin dole, amma darussan rubutu irin su tarihi da adabin Ingilishi suna taimakawa. BTEC hanya ce mai kyau, jami'o'i da yawa suna karɓarta, sai dai ba kasafai take kai mutum likitanci ko Oxford da Cambridge ba. A duba sharaɗin kwas tun yaro yana aji 11, kafin ya zaɓi darussa.

Cambridge yawanci tana neman A*AA a fannin adabi da zamantakewa, A*A*A a fannin kimiyya. Oxford daga AAA zuwa A*A*A. Likitanci a mafi yawan wurare AAA ko A*AA. To amma yaran da ke samun AAA ko fiye a kowace shekara sun ninka guraben Oxford da Cambridge sau da dama. Saboda haka maki tikitin shiga layi ne kawai.

Tun da ba a riga an rubuta jarrabawar ba, malamai ne ke rubuta makin da suke hasashen yaro zai samu, kuma sun fi dogara da jarrabawar ƙarshen aji 12. Wani bincike da Dokta Gill Wyness ta Jami'ar UCL ta fitar a 2016 ya gano cewa kashi 16 cikin 100 ne kawai na hasashen ke yin daidai a darussa uku, kashi 75 an yi musu sama da abin da suka samu, amma yara masu ƙoƙari 'yan gidan marasa hali sun fi fuskantar a yi musu ƙasa. Don haka in hasashen ya yi ƙasa, uba ko uwa su je makaranta cikin ladabi, da takardun gwajin yaro a hannu, su tambayi abin da zai yi a sake dubawa. Yawancin makarantu suna ba da damar sake gwaji a farkon aji 13.

5. Jarrabawar shiga, takardar bayanin kai da ganawa

Mai neman likitanci ko likitan haƙori sai ya rubuta UCAT. Ana buɗe rajista tun watan Mayu, a rubuta tsakanin Yuli da Satumba, wato a dogon hutun da ke tsakanin aji 12 da 13, kuma sau ɗaya ake yi a shekara. Tsohuwar jarrabawar BMAT an daina ta bayan 2023. Mai neman shari'a a Oxford, Cambridge, UCL, LSE, King's, Durham ko Bristol zai rubuta LNAT. Tun 2024 Cambridge da Imperial suke amfani da ESAT a injiniyanci da kimiyya, da TMUA a kwasa-kwasan da suka dogara da lissafi. Oxford ta sha sauya tsarin jarrabawowinta a 'yan shekarun nan, don haka a duba shafin kwas ɗin a shekarar da za a nema. Rajistar waɗannan jarrabawowi daban take da fom ɗin UCAS, kuma takan rufe kafin shi.

A nan ne ni kaina na yi kuskuren da har yau nake tunawa. Shekarar da babban ɗana ya gama aji 12, na kwashi iyali duka muka tafi Katsina hutu na mako shida, ana ta zumunci da bukukuwa. Muka dawo saura 'yan kwanaki a rufe jarrabawar, wadda a lokacin ake kira UKCAT. Ya shiga ba shiri, makin ya yi ƙasa, jami'o'i huɗu suka mayar da shi ko ganawa ba su kira shi ba, alhali makinsa na makaranta ba shi da laifi. Sai da ya zauna shekara guda a gida yana aiki a gidan kula da tsofaffi, ya sake nema da sakamakonsa a hannu, sannan ya samu. Laifin nawa ne, ba nasa ba. Tun daga nan nake gaya wa kowa: hutun bayan aji 12 ba na tafiya gida ba ne, in kuma tafiyar ta zama dole, a rubuta jarrabawar tukuna.

Takardar bayanin kai ba ta wuce haruffa 4,000, kuma daga masu shiga a 2026 an raba ta zuwa tambayoyi uku: me ya sa kake son kwas ɗin, yaya karatunka ya shirya ka, me ka yi a wajen aji. Manyan jami'o'in nan ba irin na Amurka ba ne da ke son jin labarin wasanni da shugabancin ƙungiyoyi. Abin da suke so shi ne shaidar cewa yaro ya karanta wani abu a fannin fiye da abin da aka ba shi a aji, kuma yana da abin cewa a kai. Kada uba ya rubuta wa ɗansa, ana ganewa, sannan UCAS tana da manhajar gano kwafi.

Ganawar Oxford da Cambridge a watan Disamba ake yi, amsa ta fito a Janairu. Oxford takan kira ƙasa da rabin masu nema, Cambridge kuwa takan kira mafi yawansu. Ganawar kamar ƙaramin darasi ce: a ba yaro matsalar da bai taɓa gani ba, a ga yadda yake tunani a fili. A nan tarbiyyarmu takan zame wa yaranmu cikas. Mun koya musu sunkuyar da kai gaban babba, da yin shiru in ba a tabbatar ba, wanda abu ne mai kyau a gida. Amma a ɗakin ganawa shiru ba ya kawo maki. A riƙa ba su dama a gida su yi musu da hujja, su ce "ban yarda ba, ga dalilina", a kuma nemi makaranta ta shirya musu ganawar gwaji.

Ranakun da za a riƙe: 15 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma, ita ce ranar rufewa ga Oxford, Cambridge, likitanci, likitan haƙori da na dabbobi, amma makarantu sukan sa tasu ranar tun a Satumba domin su rubuta shaidarsu. Sauran kwasa-kwasai a Janairu ake rufewa, ranar kuma tana sauyawa daga shekara zuwa shekara. Jarrabawar A-level a Mayu da Yuni, sakamako ranar wata Alhamis a tsakiyar Agusta.

6. Makarantar da yaro ya fito

Gaskiya ce makaranta tana da tasiri. Rahoton gidauniyar Sutton Trust na 2018 ya nuna makarantu takwas kacal, mafi yawansu na kuɗi, sun tura yara 1,310 Oxford da Cambridge tsakanin 2015 da 2017, alhali wasu makarantu kusan 2,900 a haɗe 1,220 suka tura. Amma abubuwa sun motsa. A 2015 'yan makarantun gwamnati kashi 56 cikin 100 ne na 'yan ƙasa da Oxford ta ɗauka, a 'yan shekarun nan sun kai wajen kashi biyu cikin uku. Cambridge ta ɗauki yara baƙar fata 'yan ƙasa 91 a 2019, sai 137 a 2020. A 2021 makarantar gwamnati ta Brampton Manor da ke gabashin Landan, ƙarƙashin shugabancin Dokta Dayo Olukoshi ɗan asalin Nijeriya, ta tura yara 55 jami'o'in biyu, fiye da 48 na Eton.

A yankin Manchester, makarantun gwamnati masu ɗauka da jarrabawa suna Trafford: Altrincham ta maza da ta mata, Sale, Stretford, Urmston da sauransu. Manchester Grammar School kuwa, duk da sunanta, ta kuɗi ce. A Birmingham akwai makarantun King Edward VI na Camp Hill, Five Ways, Aston da Handsworth, da kuma biyu a Sutton Coldfield. Ana rubuta jarrabawar shigarsu a Satumbar aji 6, rajista kuma tun yaro yana aji 5. Wanda ta wuce shi kada ya karaya, akwai ƙofa ta biyu a shekara 16, domin makarantun nan suna ɗaukar sababbin yara aji 12 bisa sakamakon GCSE. Bugu da ƙari kwalejoji irin su Loreto a Hulme, Xaverian a Rusholme da Joseph Chamberlain a Birmingham suna tura yara manyan jami'o'i duk shekara. Tambayar da za a yi wa kowace makaranta ita ce: kuna koyar da Further Maths, kuma wa ke kula da masu neman 15 ga Oktoba?

7. Rangwame da shirye-shiryen tallafi

Yawancin manyan jami'o'i suna duba halin da yaro ya tashi a ciki: unguwarsu, ƙarfin makarantarsu, ko ya taɓa cin abincin makaranta kyauta, ko iyayensa sun yi jami'a, ko ɗan gudun hijira ne. Wanda ya cika sharaɗi akan rage masa maki ɗaya ko biyu. Da yawanmu muna zaune a Moss Side, Longsight, Cheetham Hill, ko Small Heath, Sparkbrook, Aston da Lozells, amma kowace jami'a da ma'auninta, sai an sa lambar unguwa a shafinta an gani.

Jami'ar Manchester tana da Manchester Access Programme ga 'yan aji 12 na yankin, Jami'ar Birmingham kuma tana da Access to Birmingham. Wanda ya kammala ɗayansu akan rage masa har maki biyu, misali AAA ta koma ABB. Oxford tana da UNIQ, Sutton Trust tana da makarantun bazara kyauta, sannan akwai Target Oxbridge, wanda aka kafa a 2012 musamman domin yara 'yan asalin Afirka da Karebiyan. Cambridge ta buɗe shekarar share fage kyauta a 2022, Oxford ta buɗe tata mai suna Astrophoria a 2023, duka biyun BBB suke nema daga yaran da karatunsu ya gamu da cikas. Ta fannin kuɗi akwai tallafin Crankstart a Oxford ga masu ƙaramin ƙarfi, da tallafin da mawaƙi Stormzy ya fara a Cambridge a 2018 domin ɗalibai baƙar fata. Mafi yawan shirye-shiryen nan tsakanin Oktoba da Maris na aji 12 ake neman su, in an bari sai aji 13 an makara.

Wata shawara: kada kunya ta hana rajistar abincin makaranta kyauta in an cancanta, ko da yaron ba zai ci ba. Wannan rajista ita ce shaidar da jami'o'i da yawa ke dubawa, tana kuma sa a yafe kuɗin fom ɗin UCAS. Tun 2022 har iyalan da bizarsu ta hana su tallafin gwamnati suna iya nema in samunsu bai wuce iyakar da aka sa ba.

8. 'Yan gida ko baƙi

Wannan shi ne abin da ya fi kayar da iyalanmu. A shekarar karatu ta 2025 ɗan gida a Ingila fam 9,535 yake biya a shekara, kuma yana iya karɓar bashin gwamnati. Baƙo a Oxford yana biyan sama da fam 35,000, likitanci ma yana da tsada sosai a ko'ina, babu bashin gwamnati, sannan guraben baƙi a likitanci an ƙayyade su kimanin kashi 7.5 cikin 100. Babbar ƙa'idar zama ɗan gida ita ce yaro ya kasance yana da fasfon Birtaniya ko takardar zaman dindindin, kuma ya zauna a ƙasar shekara uku cur kafin ranar 1 ga Satumba ta shekarar da zai fara.

Abubuwa uku ke biyo baya. Na farko, yaron da ke ƙarƙashin bizar aikin iyayensa baƙo ne ko da a nan ya yi sakandare, sai in ya shiga rukunin dogon zama, wato ɗan ƙasa da shekara 18 da ya yi shekara bakwai a ƙasar, ko wanda ya haura 18 da ya yi rabin rayuwarsa a nan. Tun 2024 wanda ya samu zaman dindindin a tsakiyar kwas na iya komawa kuɗin 'yan gida a shekarun da suka rage, in ya cika sauran sharuɗɗa. Na biyu, haihuwa a nan kaɗai ba ta ba da fasfo in iyaye ba su da zaman dindindin, amma yaron da aka haifa a nan ya yi shekara goma ta farko a ƙasar yana da haƙƙin rajistar zama ɗan ƙasa. Na uku, yaro mai jan fasfo da aka mayar Kano ko Kaduna ya yi sakandare domin tarbiyya yana iya dawowa a ce masa baƙo ne, sai in an nuna cewa tafiyar ta wucin gadi ce, gidansu kuma yana nan. A ajiye takardun haya, na haraji, na likita da tikitin jirgi. Har ila yau sakamakon WAEC a matsayin GCSE ake ɗaukarsa, sai an ɗora A-level ko shekarar share fage a kai. Ƙungiyar UKCISA tana ba da cikakken bayanin waɗannan ƙa'idoji kyauta.

Bashin gwamnati yana da ruwa, abin da ke damun iyalai da yawa, kuma malamai sun saɓa a kansa. Ga waɗanda suka fara daga 2023, ana cire kashi 9 cikin 100 na abin da ya haura fam 25,000 na albashi, a yafe ragowar bayan shekara 40. Gwamnati ta yi alkawarin tsarin da babu ruwa tun 2013, amma har 2025 ba a fara shi ba. Wasu sukan zaɓi digirin koyon aiki, inda kamfani ke biyan kuɗin makaranta har da albashi, sai dai shi ma layinsa dogo ne.

9. Maganar zama a gida

A tattauna wannan tun kafin a cika fom, musamman game da 'ya'ya mata. Oxford da Cambridge suna wajabta wa ɗalibi zama a garin lokacin karatu, zangonsu kuma mako takwas ne sau uku a shekara. Cambridge tana da kwalejoji biyu na mata zalla, Newnham da Murray Edwards, Oxford kuwa ba ta da ko ɗaya tun 2008. Na ga yarinyar da ta sha wahala ta samu gurbi, sai a watan Agusta aka ce ba za ta bar gida ba. In haka ne ra'ayin gidan, a faɗa mata da wuri, ta sa ƙarfinta a Manchester, Birmingham, Aston ko Warwick, waɗanda ba ƙananan wurare ba ne.

10. Yadda za a raba zaɓi biyar

Jami'o'in ba sa ganin sauran wuraren da yaro ya nema. Shawarata ita ce ɗaya ko biyu a sama, biyu daidai da makin hasashe, ɗaya a ƙasa wanda yaro zai yarda ya je da zuciya ɗaya. Tun 2024 shafin UCAS yana nuna makin da waɗanda aka ɗauka a baya suka shiga da shi a kwasa-kwasai da yawa, a duba. A likitanci a zaɓi wurare bisa ƙarfin yaro: mai babban makin UCAT ya nufi masu ba ta nauyi, mai kyakkyawar GCSE ya nufi masu duba GCSE. In tayi ya zo, ana riƙe biyu, na farko da na ko-ta-kwana, kuma na biyun ya zama sharaɗinsa ya fi sauƙi.

A nawa ganin, yaron da mafi yawan GCSE ɗinsa 8 da 9 ne, hasashensa ya kai sharaɗi, yana kuma karatun fannin da kansa ba sai an sa shi ba, to ya nemi Oxford ko Cambridge, gurbi ɗaya ne cikin biyar. Mai 6 da 7 da hasashen AAB ko ABB yana da kyakkyawar dama a jami'o'in Russell Group da dama, balle in ya samu rangwame. Wanda bai samu ba kuma akwai Clearing, inda ake cike ragowar gurabe daga Yuli, har da na manyan jami'o'i. Akwai sake nema da sakamako a hannu, akwai likitanci bayan digirin farko kamar yadda Warwick ke yi, sannan da yawa sun shiga Oxford da Cambridge a digiri na biyu.

Abin da nake roƙon iyaye shi ne mu je taron iyaye na makaranta, mu karanta wasiƙun da ake aikowa, mu zauna da yaro tun yana aji 10 mu ji abin da yake so. Wanda ya riga ya bi hanyar kuma ya taimaki na baya. Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya sa albarka a karatunsu.